Ƙasar Haihuwar Maman Lissafi

Kowa a garin nan ya ɗauka cika fom a kwamfuta ba sana'a ba ce. Wai zama ne kawai a ƙarƙashin fanka ana danne-danne. 'Yan matan da suke zuwa shagonmu neman koyon aiki ma da wannan tunanin suke shigowa, kowace da wayarta a hannu, tana cewa ai ta iya, ita ke cika wa 'yan gidansu. To ku saurara, don ba na son maimaita magana. Shekarata tara a kan kujerar nan, tun watan da na gama sakandare, kuma danna maɓalli shi ne mafi ƙanƙantar abin da nake yi. Ainihin aikin shi ne ki ɗauki mutum sukutum, da tarihinsa da taurin kansa, ki cusa shi cikin 'yan akwatunan da wani wanda bai taɓa ganinsa ba ya zana.

Shagon na Anti Rifkatu ne, a bakin titi kusa da kasuwar Muda Lawal, tsakanin mai sayar da buhunan wofi da Malam Ɗanjuma mai gyaran sikeli. Ita 'yar kudancin jihar nan ce, ta daɗe tana buga tafireta a ofishin gwamnati kafin ta buɗe nata wurin. Ranar da na fara, ta ciro wani tsohon ɗankwali daga jaka ta lulluɓe min hannuwa da allon rubutun gaba ɗaya, ta ce, "Zulai, buga sunanki." Na buga wani abu da ko aljani ba zai amsa shi ba. Wata uku hannuna yana ƙarƙashin ɗankwalin nan. In na sunkuya zan leƙa, sai in ji rula a kafaɗa, ita kuwa ko juyowa ba ta yi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kwamfuta uku ce, ɗaya ba ta tashi sai an kunna ta an je an sha koko an dawo. Murfin sikana ya karye tun ban zo ba, da rabin bulo naɗe cikin atamfa muke danne takarda. Akwai farin ƙyallen da muke ratayawa a bayan mutum in za a ɗau hoton fasfo, ni ke wanke shi duk Juma'a, don man kan mutane yana barin taswira a jikinsa. Sai na'urar ɗaukar zanen yatsa, wadda ta fi kowa girman kai a shagon.

Wani dattijo manomi daga Inkil ya taɓa zuwa rajistar takin zamani. Fartanya ta cinye zanen yatsunsa tas. Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Na shafa masa man kaɗanya, ta ƙi. Na ce ya goga a goshi, ta ƙi. Muka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, layi yana ta tsawo, sai a ƙaramin yatsan hannun hagu ta yi ƙara ta karɓa. Ya ɗaga yatsan ya kalle shi, ya ce, "'Yata, wannan da bai taɓa yi min aikin komai a gona ba, shi gwamnati ta sani?" Na ce, "Baba, haka take." Wannan ba a koyonsa a waya.

Sana'ar tana da dokokinta, ba a rubuce suke ba, amma duk mai shagon kwamfuta a Bauchi ya san su. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu aka haife shi. Wanda sana'arsa ba ta cikin jeri, ɗan kasuwa ne, ko da wanzami ne. Babbarsu kuwa ita ce dokar mafi kusa: in ƙauyen mutum ba ya cikin jerin da fom ya bayar, ki zaɓi garin da ya fi kusa da shi ki wuce. Na mayar da mutanen ƙauyuka da dama 'yan cikin birni da dannawa ɗaya, ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi.

Shekarar da fetur ya gagari talaka ita ta lalata ni. Wuta ba ta zuwa, janareta kuma awa ɗaya kawai muke iya kunna shi a yini. Sai mu tara bayanan mutane a takarda tun safe, da azahar a tayar da inji, mu faɗa wa kwamfuta kamar masu tsere. 'Yan koyo biyu da muke da su suka gudu, ɗaya ta koma sayar da turare. Ni na zauna. A shekarar na koyi cika fom cikin minti huɗu, na kuma koyi daina tambayar mutane. Tambaya tana cin fetur. Da wuta ta ɗan gyaru saurin ya zauna min, rashin tambayar ma ya zauna.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji.

Wajen ƙarshen damina, wata Talata, wata tsohuwa ta shigo. Gajera, fara sol, da mayafi ruwan toka da baƙar jakar fata. Ban san ta ba. Amma Anti Rifkatu, mace mai jikoki biyu, ta miƙe tsaye cak, hannuwa a baya, ta ce, "Barka da zuwa, Malama." Sai kuma ta ce tana jin janareta yana wata irin ƙara, bari ta duba. Akwai wuta a lokacin, janareta a kashe yake. Ta shige ɗakin baya ta ja ƙofa.

Daga baya na ji ko wace ce. Malama Salwa, wadda Bauchi ta sani da Maman Lissafi. Daga Falasɗinu ta zo tana budurwa, lokacin da ake ɗauko malamai daga waje, ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta auri wani likitan dabbobi ɗan cikin gari. Ya rasu, ita tana nan a tsohon gidansu na GRA. Rabin matan da ke ofisoshin garin nan sun sha jan bironta. Hausa kuwa ta fi ni iyawa, sai dai wasu haruffan daga can maƙogwaro suke fito mata.

Abin da ya kawo ta mai sauƙi ne. Jikarta Nabila za ta gama digiri a wata jami'a a Ingila. Jami'ar tana ba baƙin da ɗalibi zai gayyato bikin takardar gayyata, da ita ake neman biza, amma sai an cika musu fom a intanet. Saura mako biyar a rufe. In ba takarda, ba biza, in ba biza, Mama za ta kalli bikin ne a waya.

Na karɓi fasfonta na fara. Suna, ranar haihuwa, lambar fasfo. 'Yar wace ƙasa: Najeriya, ai ta daɗe da zama tamu. Sai akwatin ƙasar haihuwa, da ɗan jan tauraro a gefensa, alamar ba a tsallake shi. Fasfo ya ce a Nablus aka haife ta. Na buɗe jerin ƙasashen na bi shi sama da ƙasa sau biyu. Akwai tsibiran da ko kifi bai san da su ba, amma babu Falasɗinu. Babu ma wurin da aka ce wata ƙasa dabam. Ga ɗalibai bakwai a benci suna huci. Na buɗe taswira a waya. Wadda ta fi kusa Isra'ila ce, to ni ba mahaukaciya ba ce, ina jin rediyo. Sai Jodan da Masar. Na zaɓi Masar don na fi jin sunanta, kuma dai can ma Larabawa ne. Har na yaba wa kaina.

Abin da ya cece ni doka ɗaya ce ta Anti Rifkatu da yunwar fetur ma ba ta kashe ba: ba a tura fom sai mai shi ya karanta a takarda. Na buga na miƙa mata. Ta ciro gilashin ƙara girman rubutu, ta ciro jan biro. Ta bi layi-layi tana ɗan kaɗa kai, sai biron ya tsaya. Ta zana da'ira.

"'Yata, wa ya haife ni a Masar?"

"Mama, taku ba ta cikin jerin. Wannan ita ce mafi kusa."

"Mafi kusa." Ta ajiye gilashin. "Bakwai sau takwas?"

Na ƙirga da yatsu. "Hamsin da shida."

"Da kin ce hamsin da biyar fa?"

"Da na faɗi."

"Don me? Ai ita ce mafi kusa."

Ɗaliban da ke benci suka daina huci, suka gyara zama.

Ta ce, "Fiye da shekara arba'in ina gaya wa mutanen garin nan ni ba 'yar Masar ba ce. Surukata har ta koma ga Allah tana kirana Bamasariya. Na yafe mata don ta tsufa kuma ba ta yi boko ba. Ke mene ne uzurinki?"

Ni ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Mama, fom ne fa kawai. Ba wanda zai karanta."

"Ni na karanta."

Sai murya ta fito daga bayan ƙofa, a hankali. "Zulai, Malama ta yi gaskiya. In takarda ta ce Masar, fasfo ya ce Nablus, masu biza za su ce ƙarya ake musu."

Mama ba ta juya ba. "Rifkatu, fito. Tun ɗazu nake ganin takalminki."

Anti ta fito tana gyara ɗankwali. Muka taru mu uku a kan kwamfutar, muka gwada duk dabarar da muka sani. A bar akwatin wofi, fom ya ƙi wucewa. A rubuta da hannu, bai yarda ba. Mama ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce ranar da suka sa ƙasarta, ta dawo. Ta fita.

Da yamma wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba ta ƙasar waje. Nabila ce, muryarta duk ta dishe. "Anti Zulai, don Allah ki lallaɓa ta. Ita ta koya min lissafi tun ina zama a cinyarta. In ba ta zo ba, wa zan ɗaga wa takardar?" Na ce mata ni fom nake cikawa, ba na lallashin tsofaffi. Amma na ajiye lambarta.

Bayan kamar mako biyu labari ya cika rediyo: Ingila da wasu manyan ƙasashen Turawa sun ce sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa. Washegari na iso buɗe shago, na tarar da Mama zaune a kan bencin mai buhuna, jaka a cinya, ƙaramar rediyo a hannu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Duba."

Na kunna kwamfutar da ta fi saurin tashi. Na buɗe jerin. Tsibiran suna nan daram. Falasɗinu ba ta zo ba.

"Wataƙila ba su tashi daga barci ba," in ji ta. "Zan jira."

Ta jira har azahar. Washegari ta dawo. Jibi ma haka. Anti ta ware mata kujerar roba mai hannu, ta kuma daina cin gyaɗa a bakin aiki. Duk yarinyar da ta zo rajistar jarrabawa sai Mama ta tambaye ta nawa ta ci a lissafi, har wasu suka fara leƙowa tukuna, in sun hango mayafi ruwan toka su wuce shagon gaba. Ciniki ya fara jin jiki.

Ranar Alhamis Alhaji Sale mai hatsi ya shigo daga cikin kasuwa, babbar riga tana jan ƙasa. Abokin cinikinmu ne, duk abin da ya faru a duniya sai ya buga masa takardar taya murna ko ta ta'aziyya da sunan 'yan layinsu na hatsi. Ya ga Mama ya washe baki.

"Hajiya, barkanmu da arziki. An ba ku ƙasa."

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Ina makullin?"

Ya yi dariya, bai gane ba wasa take ba. Ya ce in buga masa takardar taya murna zuwa ga gwamnatin Falasɗinu, Hajiya kuma ta ba shi adireshi, zai ba direban da ke kai masara Legas ya san yadda zai yi.

Malam Ɗanjuma mai sikeli, wanda kunnensa kullum yana shagonmu, ya leƙo da sukundireba a hannu. Ya ce, "Alhaji, ba ƙasa aka ba su ba. Hatimi aka buga. Ka san hatimin da ake buga wa sikeli? Ba ya ƙara wa buhu ko ƙwaya ɗaya. Amma in babu shi, duk awon da ka yi sai a ce ba a yarda ba."

Mama ta kalle shi ta saman gilashi. "Wace makaranta ka yi?"

"Ta allo, Hajiya."

"Shi ya sa."

Har yau Malam Ɗanjuma bai san yabo ne ko zagi ba, amma yana ba da labarin.

Ni dai haƙurina ya ƙare. Na ce, "Mama, tsakani da Allah, wannan amincewar amfanin me ta yi? Ga shi ko fom ba ta motsa ba."

Ta ce, "Najeriya ta amince da mu tun ba a haife ki ba. Har yau in zan je kabarin babana, ba 'yan ƙasata ne za su buɗe min ƙofa ba. Na san iyakarta, 'yata." Ta ɗan gyara jakar. "Amma makon jiya in na tambayi mutanen jami'ar nan, za su ce ba su san wannan ƙasa ba. Yau gwamnatinsu ta ce ta san ta. To yanzu dole su ba ni wani dalilin."

Nan ne kaina ya yi aiki, kuma ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya raba mai sana'a da mai danne-danne. Kowane fom akwai mutum a bayansa. Na gangara can ƙasan shafin, inda ake ɓoye rubutu ƙanana, na samo adireshin imel na ofishin da ke ba da takardar. Na ce za mu rubuta musu.

Ban san na jawo wa kaina taron ƙasa da ƙasa ba. Nawa rubutun layi uku ne da Turancina na sakandare: gwamnatinku ta amince, fom ɗinku bai ji ba, ku gyara kafin ku rufe. Anti Rifkatu ta karanta ta dafe ƙirji. Ta ce ba a yi wa ofis magana haka. Ta zauna ta buga nata irin na tafireta, da matuƙar ladabi da ƙasƙantar da kai, da fatan suna lafiya da iyalansu, sakin layi biyu ba a kai ga maganar ba. Mama kuwa ta tafi gida, ta dawo da safe da shafi huɗu da ta rubuta da hannu, ta faro daga itatuwan zaitun na kakanta.

Na ce, "Mama, wanda zai karanta wannan sai ya ɗauki hutu."

"Ai tarihi ne."

"Takarda muke nema, ba digiri ba."

Anti ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Yini biyu aka yi ana ja. Anti ta ce in aka tura nawa za ta cire hannunta. Mama ta ce in ba kakanta a ciki ba ta sa hannu. Na ce in aka tura shafi huɗu ni ba zan danna ba. Malam Ɗanjuma ya zama mai shiga tsakani, yana kai-komo tsakanin kujerar roba da teburina kamar nisan ya kai mil goma. A ƙarshe aka sasanta: gaisuwar Anti layi ɗaya a sama, layukana uku a tsakiya bayan jan biro ya bi ta kansu, sai jimla ɗaya ta Mama, cewa an haife ta a Nablus kuma ba ta da niyyar a sake haihuwarta a wani wuri. Kakan da zaitun suka haƙura. Muka haɗa da hoton fasfo, na tura.

Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, irin wadda inji ke bayarwa: sun gode, za su duba cikin kwanakin aiki goma.

Mama ko yatsa ba ta lanƙwasa ba ta ce, "Kwana tara suka rage a rufe."

Na sake turawa washegari, da jibi, kullum amsa ɗaya. Ana saura kwana huɗu ɗanta ya kira ni daga Abuja, baban Nabila. Mutum mai sanyin murya. Ya ce, "Malama Zulai, ki taimaka. Ki zaɓi Jodan ki tura, ba sai ta sani ba. In takarda ta fito ni zan ji da ita." Mama ta tafi salla a lokacin, shago ba kowa, fom yana buɗe a gabana. Dannawa ɗaya ce, kuma na yi irinta sau dubu. Na ce masa, "Yallaɓai, ka zo da kanka ka danna, kujera tana nan." Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba, har da tsoron jan biro.

Da na ajiye wayar na kira Nabila. Tana ɗauka ta fara shessheƙa. Na ce, "Dakata da kukan. Ofishin nan yana da ƙofa?"

"Yana da ita, Anti."

"Akwai kujera?"

"Akwai."

"To buga wasiƙar a takarda, ki ɗau ruwan shayi a fulas, ki je ki zauna. Kada ki yi faɗa, kada ki tashi. Duk wanda ya wuce ki gaishe shi ki nuna masa. Kakarki mako biyu ke nan tana mana haka, mun kusa rufe shago. In ya ci mu, zai ci su."

Ta ce ai can ba a yin haka. Na ce shi ya sa zai yi aiki, ba su saba ba.

Ta je. Ranar farko aka ce mata ta tura imel. Ta ce ta tura, ta zauna. Aka tashi aiki, ta tashi tare da su. Rana ta biyu ta riga mai shara zuwa. Tana turo min hoton ƙafafunta da fulas, ni kuma ina nuna wa Mama. Mama ta kalli hoton da gilashinta ta ce, "Zaman bai yi ba. Ta miƙe bayanta."

Ana gobe za a rufe, wajen la'asar, saƙo ya shigo, wannan karon mutum ne ya rubuta. Wata ma'aikaciya ce. Ta ce ta ba da haƙuri, jerin ƙasashen ba ita ke taɓa shi ba, wani kamfani ne ya haɗa musu fom ɗin, kuma sai baɗi za a zauna a duba shi. Amma ta ce ba dole sai ta fom ba. Ta buga takardar gayyatar da hannunta, ga ta nan a maƙale. Ta ƙara da roƙon a gaya wa Nabila za ta iya komawa gida.

Na ciro takarda mai kauri, irin wadda muke ɓoyewa don satifiket, na sa a firinta. Ta fito da ɗumi. Mama ta karɓa, ta ciro gilashi, jan biro yana ɗaya hannun. Alhaji Sale ya tsaya a bakin ƙofa, Malam Ɗanjuma a taga, Anti tana tsaye hannuwa a baya. Ta bi layi-layi. Wurin haihuwa: Nablus, Falasɗinu. Ta tsaya a kan layin ta daɗe. Sai ta mayar da murfin biron ta jefa shi a jaka.

"Buga min biyu," in ji ta. "Ɗaya ta masu biza, ɗaya tawa."

Alhaji Sale ya ce in buɗe sabon shafi, akwai takardar taya murna da za a tura wa wannan ma'aikaciyar.

Biza ta fito. Mama ta tafi ta dawo da hotuna: ga ta cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kusa haɗiye ta, Nabila a gefe da hular digiri tana dariya, ita kuwa fuska a ɗaure kamar mai tsaron jarrabawa. Ta ce shugaban jami'ar ya yi kuskure wajen faɗin yawan ɗalibai, ta ƙirga kujerun da kanta. Jerin ƙasashen kuwa na duba shi makon jiya, yana nan yadda yake.

Maganar ma'aikaciyar ce ta tsaya min. Wani kamfani. Wato wani ne can a kan kujera irin tawa, wataƙila da fanka irin tamu, ya zauna ya buga sunayen ƙasashe, ya tsallake ɗaya, ya tafi cin abinci. Shekara tara ina cusa mutane cikin akwatunansa ban taɓa tambayar yadda ake zana su ba. Na bincika, ashe ana koyar da haɗa irin waɗannan shafukan a nan Bauchi, karatun yamma, shekara biyu. Na karɓo takardar sharuɗɗa. Layi na farko: sai wanda ya ci lissafi a jarrabawar gama sakandare. Ni kuwa na faɗi shi warwas, faɗuwar da ko mafi kusa ba ta kai ba.

Anti Rifkatu kaɗai na gaya wa, na ce ta rufa min asiri. Washegari da safe waya ta yi ƙara. Mama ce.

"Zulai. Asabar, ƙarfe takwas. In kin zo takwas da minti ɗaya, ki koma."

Zan je. Zan sake zana jarrabawar, in shiga karatun, in zauna a ɗaya ɓangaren fom. Don haka duk mai son koyon aiki ranar Asabar ta zo bayan azahar, da safe ina GRA. Na sayi littattafan rubutu biyu da fensir. Anti ta ce za ta sa ni a addu'a a coci, amma ko bakin get ba za ta raka ni ba.